Babu Malamin Da Ya San Fuskata

Bari in fara da abin da na san wasunku za su riƙe mini: eh, na yi wa Mama ƙarya, kuma ba sau ɗaya ba. Amma kafin ku cika mini ƙasan wannan rubutu da wa'azi, ku zo garinmu Duluth ku zauna da mahaifiyata Renee Halvorsen na mako guda tukuna, mu ga ko ku ma ba za ku koyi sana'ar ba.

Sunana Linnea, shekarata goma sha tara, kuma watan jiya na karɓi digirin da mutane ke yi a shekara huɗu. Ni a biyu na yi shi. Tun ina sakandare Mama ta gano ana iya ɗaukar darussan jami'a tun daga can, to daga ranar hutu ya ƙare a gidanmu. Tsarinta na manne a ƙofar firij tun ina 'yar sha huɗu: digiri a sha tara, makarantar likitanci a ashirin, likita a ashirin da huɗu. Duk Kirsimeti sai ta sa shi a wasiƙar da take aika wa dangi, ta ja layi a ƙarƙashin ashirin da huɗun. Ana cewa wasiƙar ta kowa ce, amma duk mun san don mutum ɗaya ake rubuta ta, wato yayarta Anti Marlys, wadda ɗanta Tanner yake shekara ta shida a jami'a bai ma tsayar da abin da yake karantawa ba.

Ni ma ba zan wanke kaina ba, abin ya yi mini daɗi. Ina son in ji an ce ga yarinyar nan mai ƙwaƙwalwa. Na kuma gano dabarar da ta fi kowace: duk laccar da aka yi a aji ana ɗora ta a intanet, to me zai fitar da ni cikin ƙanƙara? Sai in kwanta a gado da safa biyu a ƙafa, in kunna bidiyon da ninki biyu na sauri, in gama laccar awa guda a rabin awa. Ɗakin gwaji da zauren jarrabawa kawai nake zuwa, su ma don dole.

Ranar Laraba ina kicin ina yanka albasar bikin gama digiri da Mama ta shirya mini ranar Asabar, sai ga kiran Mista Pruitt, mai duba takardun masu neman makarantar likitanci a jami'armu. Na fita waje na ɗauka.

"Linnea, makinki babu abin cewa," in ji shi. "Amma wasiƙun shaidarki biyu ne. Ina ta malamin kimiyya?"

"Ai ga ta likitan da Mama ke aiki a asibitinsa, ga ta shugabar gidan tsofaffi."

"Na gan su. Dole sai da ta malamin da ya koyar da ke, wanda ya san ki. Litinin muke rufewa. Wa ya san ki a cikinsu?"

 

"Farfesa Odegaard," na ce.

Dalilin da ya sa sunanta ya faɗo mini shi ne, shekara biyu ke nan ina amfani da shi a gida. Duk lokacin da Mama ta tambaye ni ko malamai sun san da ni, sai in ce ai Farfesa Odegaard kamar 'ya ta ɗauke ni. Na ce tana yabona a gaban aji. Har na taɓa cewa ta ba ni shayi a ofis. Gaskiyar magana, abin da na sani a jikin matar nan hannunta ne kawai, domin a bidiyon lacca takarda da hannu mai rubutu ake nunawa: zobe mai koren dutse, da tabon ƙuna a babban yatsa.

Na koma kicin ido ya yi ja. Mama ta ce, "Albasar ce?"

"Ita ce."

"Wasiƙun fa sun kammala?"

"Tun tuni."

Na haye sama, na rufe ƙofa, na buɗe waya na nemo lambar da na ajiye da sunan Ɗan Naci.

To, ga Emmett Vukelich. Shi ne abokin teburina a ɗakin gwaji shekarar farko. Dogo ne, kunnuwansa sun ɗan yi waje, kullum da wata hula mai hoton kifi wadda rana ta cinye launinta. Shekararsa biyar a jami'a kuma ko a jikinsa. Daga mai shara har shugaban sashe babu wanda bai san shi ba, in kuna tafiya tare sai ya tsaya gaisuwa sau goma kafin ku kai mota. Duk ranar Juma'a tun da muka haɗu sai ya turo mini saƙo iri ɗaya, wai in zo mu sha kofi a bakin tafki. Ni kuma amsata ɗaya ce. In kun ja hirarmu sama abin da za ku gani ke nan har yatsa ya gaji: Kofi? Ina karatu. Kofi? Ina karatu. Kada ku tambaye ni me ya sa ban taɓa toshe shi ba, ko me ya sa ranar Juma'ar da ya yi latti nake ta duba waya. Dokar Mama ce, babu saurayi sai na sa farar rigar likita.

Abin da ya fi muhimmanci a ranar shi ne, Emmett yana aiki a ɗakin gwajin Farfesa Odegaard.

Na rubuta: Emmett, kana nan?

Ko minti ɗaya ba a yi ba: Wa ya saci wayar Linnea? Ka mayar mata, tana karatu.

Ni ce. Ina neman taimako.

Yau Laraba ce fa. 

Na yi masa bayani. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa kamar za su kashe ni.

Gobe ƙarfe goma ki zo, ki jira ni a ƙofar gini in shiga da ke. Tana son kek ɗin lemon tsami. Sunan karenta Gus, ki tambayi ƙafarsa. Kada ki yi mata daɗin baki, ta tsane shi. Kuma ki jira ni, Linnea.

Na ce to. Na kuma buɗe shafin jami'a na haddace hotonta: mace mai baƙin gashi gajere, da kwat mai ruwan toka.

Washegari na saka shuɗiyar rigata mai maɓalli har wuya, na ɗaure gashi baya don in ƙara shekaru, na ɗora rigar ruwa saboda yayyafi. Na saci tire guda cikin kek ɗin da Mama ta gasa na biki, na jera sauran don kada a ga gurbin. Ƙarfe goma saura minti ashirin da biyar ina ƙofar ginin. Kun dai san halina zuwa yanzu. Na tsaya minti biyu, na ce me zan jira, na haye.

Ofishin a buɗe yake, yana haɗe da ɗakin gwaji. A bakin famfo wata tsohuwa ce mai furfura, da tsohuwar suwaita da safar roba har gwiwar hannu, tana wanke kwalabe. Can ciki kusa da tebur kuwa ga mace mai baƙin gashi gajere, da kwat mai ruwan toka, tana danna waya. Na ce a raina yau na taki sa'a.

Na cire rigar ruwa na miƙa wa tsohuwar. "Sannu da aiki. Don Allah ɗan riƙe mini wannan, yanzu zan fito."

Ta kalle ni, ta kalli rigar, ta karɓa.

Na shiga da murmushin da na gwada a madubin mota. "Farfesa, ina kwana? Linnea ce, Linnea Halvorsen. Na san kin gane ni. Ya ƙafar Gus?"

Matar ta ɗago. "Wane Gus?"

Na yi dariya, wai ta yi barkwanci. Na ajiye kek a gabanta, na manta da gargaɗin Emmett gaba ɗaya, na shiga zuba. Na ce ajinta ne ya canza rayuwata. Na ce ba na manta yadda take kallonmu ɗaya bayan ɗaya idan tana bayani. Na ce kullum a layin gaba nake zama don kada kalma ɗaya ta wuce ni.

"Yarinya," ta ce, "ni injin awo na zo tallatawa. Ita nake jira ta gama."

Ta nuna bayana da haɓa.

Na juya a hankali. Tsohuwar ta rataye rigata a ƙusa, tana zare safar roba yatsa bayan yatsa. Sai ga zobe mai koren dutse. Sai ga tabon ƙuna.

Na sha jin mutane na cewa sun so ƙasa ta tsage su shige, ina ɗauka salon magana ne. Ni har tayil ɗin na duba.

"Ƙafar Gus da sauƙi," in ji ta. "Na gode da tambaya."

Muryar ma ban gane ta ba. Shekara biyu ina jin ta tana gudu kamar mai sanarwar ƙarshen talla, ashe matar nan a hankali take magana, kalma ɗaya ta zauna kafin ta ɗauko wata. Ta sallami mai talla zuwa wani mako, ta nuna mini kujera, ta ɗauki kek guda ta gutsura.

"Wannan ba ke kika yi ba."

"Mama ce."

"To mun samu gaskiya ta farko. A layin gaba kike zama?"

"A'a."

"A ina?"

"A gado."

Gefen bakinta ya motsa. Ta miƙa hannu kan kanta ta sauko da wani kofin tangaran da ƙura ta rufe, ta ajiye tsakaninmu.

"Duk shekara ina ba wanda ya fi kowa maki wannan kofi. Naki makin shekara goma sha ɗaya ban ga irinsa ba. Na tsaya gaban mutum ɗari uku na kira sunanki sau uku. Yara sun ɗaga hannu za su tafa, suna ta waige-waige. Daga ƙarshe wani mai hular kifi ya miƙe ya ce wai kina karatu."

Daidai nan mai hular kifin ya faɗo ɗakin yana haki. Ya ga rigata a ƙusa, ya ga fuskata, ya ga kek a hannun Farfesa.

"Ba ki jira ba," ya ce.

"Ba ta jira ba," in ji Farfesa. "Je ka ƙarasa kwalaben, an katse ni."

Na tattara ragowar mutuncina na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurara har ƙarshe, ta jawo takarda ta yi rubutu, ta juyo mini da ita. Layi biyu ne. Linnea Halvorsen ta ci casa'in da takwas a darasina. Na fara ganin ta ranar Alhamis.

"Wannan zan iya sa wa hannu yau, in kina so. Masu karantawa za su fahimci abin da ban faɗa ba."

"Farfesa, ba za a ɗan ƙara ba? Ko layi biyar?"

"In ce me? Tambayar da suke mini ita ce, in aka ba yarinyar nan mara lafiya mai tsoro, mai wari, mai maimaita magana, za ta zauna ta saurare shi? Ban sani ba. Ke kin sani?"

Ban sani ba, kuma babu jarrabawar da ta taɓa tambayata wannan.

"Jiya da yamma wancan ya kawo mini shafi uku," ta ce, tana nuna bakin famfo. "A nan manyan ɗalibai kan rubuta mini daftari, in gyara in sa hannu. Na karanta nasa. In na aika shi kwamitin ɗaukar ɗalibai za su ɗauka ni ce ke neman aurenki."

Wata kwalba ta suɓuce a famfo. Kunnuwan Emmett sun yi jawur, har ta baya ana gani.

"Ɗaya hanyar ita ce ki zo nan ki yi mini shekara guda. Ki wanke kwalabe, ki ɓata gwaji, ki gyara, ranar Talata ki bi ni asibitin sa-kai. Baɗi war haka in rubuta abin da na gani da idona."

"Shekara guda? Ai sai in zama likita a ashirin da biyar."

"Allah sarki. Tsohuwa tukuf."

Na miƙe, na ɗauki rigata da kaina wannan karon. Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta nuna allon sanarwarta, inda katin gayyatar bikina mai ruwan zinare yake manne, da hotona da hular digiri. Na san katin, ni na liƙa wa guda ɗari tambarin aikawa. Wannan dai ban san an aika shi ba.

"Mahaifiyarki ta rubuta a baya cewa ni ce uwarki ta biyu a makaranta. Ranar Asabar ƙarfe biyu ko? Ina so in ga gidan 'yata."

A matakala Emmett ya cim mini.

"Me ka rubuta a shafi ukun?" na ce.

"Abin da na gani."

"Me ka gani? Sau nawa ma muka haɗu?"

"Laraba talatin, awa uku-uku. Ke kina kallon kwalba, ni ina kallon abin da nake kallo."

Na ce hularsa ta isa jefarwa. Ya ce zai jefar ranar da na sha kofi. Na shiga mota na kai minti goma ban tayar ba, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina kuma murmushi kamar wata sakara.

Ranar Juma'a na yi niyyar gaya wa Mama har sau huɗu. Na farko tana waya da Anti Marlys tana cewa ai Farfesar da kanta za ta zo. Na biyu tana ƙirga kek tana zargin Baba. Shi kuwa bawan Allah ya karɓi laifin, ya dai kalle ni ta saman tabarau. Na uku da na huɗu tsoro ne kawai. Saƙon Emmett ya shigo da la'asar kamar kullum: Kofi? Na rubuta Ina karatu, na tsaya ina kallon kalmomin. Babu abin da nake karantawa. Na goge ban aika komai ba.

Asabar Baba ya fitar da motoci, ya wanke garejin tas, aka jera tebura masu naɗewa da shuɗin leda. Tukwanen gasasshen dankali da niƙaƙƙen nama guda shida, burodi da naman alade, kofi a babban tulu. A bango ƙyalle ne mai tsawon mota: LINNEA, LIKITA A SHEKARA 24. Ƙarƙashinsa allon hotuna, kamar yadda ake yi wa kowa, tun ina jaririya har sakandare. Ɓangaren jami'a hoto ɗaya ne, na katin shaidata, Mama ta sa an ƙara masa girma. Ni kuma ina cikin rawayar riga mai faɗin ƙasa wadda ta zaɓa mini, da takalmin da ke cizona.

A tsakiya Mama ta ware tebur guda mai kujera goma sha biyu, ta kafa kati: ABOKAN LINNEA NA JAMI'A. Tun wata biyu da suka wuce ta tambaye ni mutum nawa za su zo, na ce kamar sha biyu, don a bar ni in yi barci.

Ƙarfe uku gareji ya cika da dangi da 'yan coci da maƙwabta. Teburin tsakiya babu kowa. Anti Marlys ta zo da farantinta ta tsaya kansa.

"Renee, abokan nata a jirgin ruwa za su zo ne? Bikin Tanner na sakandare sai da muka ari kujerun coci."

"Ai shi Tanner yana da lokacin tara abokai," in ji Mama. "Shekara shida ba wasa ba."

Ta faɗa da murmushi, amma na ga ta gyara katin, ta sake gyara shi, tana leƙen titi. Wannan ya fi duk abin da Farfesa ta gaya mini ciwo.

Sai ga tsohuwar motar Emmett. Ya fito da riga mai guga, da hular dai, ya zagaya ya buɗe wa Farfesa Odegaard. Ta saka kwat mai ruwan toka, na rantse shi ne na hoton, shekara ashirin da biyar bai mutu ba. Mama ta ruga ta rungume ta kamar sun yi yaye tare. Aka zaunar da su biyu a teburin mutum sha biyu. Emmett ya cika faranti, kafin minti goma ya san sunan kowa, har Baba na nuna masa injin kwale-kwale.

Na lallaɓa na raɗa wa Farfesa, "Don Allah kada ki tona ni."

"Ni ba na tonawa. Ba na kuma ƙarya. Kek ɗin nan ya fi na ranar Alhamis."

Ban gama fahimtar amsar ba Mama ta ƙwanƙwasa cokali a kofi. Ta ari makirufon coci, ba ta san wasa ba.

"Jama'a, ga matar da ta riƙe mini 'ya shekara biyu kamar ita ta haife ta. Farfesa, ki gaya mana wace ce Linnea a makaranta."

Farfesa ta goge baki a hankali, ta fara miƙewa, ita ma a hankali. Na san in ta buɗe baki layi biyun nan za ta faɗa. Wannan karon saurin nawa ya yi amfani, na riga ta kai hannu ga makirufon.

"Mama, ba ta san ni ba."

Makirufon ya yi ƙara. Wani yaro ya daina tauna.

"Shekaranjiya ta fara ganina, ni kuma na ɗauka mai wanke-wanke ce na ba ta riƙon riga. Ban taɓa shiga ajinta ba. Babu shayi. Babu wasiƙa ta uku, kuma babu mai rubuta ta, don babu malamin da ya san fuskata. Abokan teburin nan ma ba makara suka yi ba, babu su ne. Ba zan nemi makaranta bana ba. Zan yi shekara guda ina wanke kwalabe a wurinta, in ta yarda har yanzu."

"Litinin ƙarfe takwas," in ji Farfesa. "Takwas, ba takwas saura ba."

Na jira Mama ta fashe. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka. Ba ta kalli ƙyallen ba, ba ta kalli Anti Marlys ba. Kujeru goman nan ta kalla.

"Ko ɗaya, Linnea? Shekara biyu, ko ƙawa ɗaya?"

"Ina karatu, Mama."

Ta zauna a ɗaya daga cikin kujerun, ta kwantar da katin a kan fuskarsa. Ban taɓa ganin mahaifiyata ta rasa magana ba, kuma na ɗauka ranar da na gani zan ji daɗi. Ban ji ba. Anti Marlys, wadda na tabbata za ta yi rawa, sai ta ajiye faranti ta je ta dafa kafaɗarta. Baba kuwa ya shiga cikin kayan aikinsa ya fito da baƙin alƙalamin da yake rubutu a jikin katako, ya taka kujera, ya mai da huɗun nan biyar. Biyar ɗin ta karkace. Ya sauko ya ce, "Dankali na hucewa."

Mutane suka yi dariyar da ake yi in an samu mafita, cokula suka ci gaba. Na ɗauka an gama. Sai Farfesa ta buɗe jaka ta fito da kofin nan, an wanke shi, da ambulan a naɗe a ciki.

"Kofinki. Wannan kuma ba ni da inda zan ajiye shi, kuma ba ni aka rubuta wa ba in an bi gaskiya."

Ta turo shi ta kan tebur. Amma ni ina tsaye, Mama ce a zaune. Kuma Renee Halvorsen ba ta taɓa ganin ambulan mai sunana ta bar shi a rufe ba. Kafin in zagayo ta sa tabarau, ta warware shafi uku, makirufon yana nan kusa da gwiwar hannunta a kunne.

"Na san Linnea Halvorsen shekara biyu," ta karanta, gareji duka na ji. "Idan gwajin wani ya lalace takan gyara masa in ya juya baya, ta yi kamar ba ita ba. Tana cewa ba ta da lokacin mutane, amma sau ɗari da huɗu na tambaye ta abu ɗaya, ba ta taɓa barin saƙona babu amsa ba, sai dai..."

Ta tsaya. Ta juya zuwa shafin ƙarshe ta duba sa hannu. Ta sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, muryarta ta dawo daidai yadda na san ta.

"Wane ne Emmett?"

A can ƙarshen teburin abokaina na jami'a, bakinsa cike da dankali, ya cire hular kifin, ya ɗaga hannu.